Hotuna Biyu

Daga Tawa muka taso ana kiran assalatu,
ni da shi da ledar takardu
da kwalin magani, saura ƙwaya tara.
Mun wuce Ƙonni yana barci.
A Dogon Dutsi ya farka, ya tambaye ni
ko na rufe masa shago.
Shagon da aka sayar shekara huɗu ke nan.
Na ce na rufe, Illa, har da kwaɗo biyu.

A Yamai yarinyar da ke bakin ƙofa
ta ce a cire duk abin da yake ƙarfe.
Zobe ya fita da sabulu.
Agogo ya fita ba gardama, dama ya daɗe da tsayawa.
Turnabis ɗin nan mai jan mariƙi,
wanda ya buɗe cikin rediyon rabin mutanen Tawa,
shi ne ya ƙi barin hannunsa
sai da na ce: ajiya ce, ba kyauta ba.

Suka tura shi cikin bakin na'ura
kamar mai tura burodi a tanda,
ƙafafunsa kaɗai a waje,
ga faso a duddugensa, na manta ban shafa masa mai ba.
Ƙwanƙwasa ta fara, ta ƙi ƙarewa.
Ina jan carbi ina ɓata lissafi.
Da ya fito ya dubi mai farar riga ya ce,
"Injinku ba shi da lafiya, yaro,
akwai abin da ya kwance a ciki."
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawo haka
tun kafin azumi.

Dokta Balkisa ta jera hotuna biyu a allo,
na watan shida baya da na yau.
Toka-toka, kamar an tsaga goro tsakiya.
A ciki wani baƙi ya buɗe fukafukai
kamar malam-buɗe-littafi.
Ta ce ruwa ne, inda nama ya janye nan yake zama.
Ta sauko da ɗan kibiyarta ƙasa kaɗan:
nan ne rumbun tuna abu.
Ta auna na hagu, ta auna na dama.
"Ya ragu. Amma bai kai yadda na ji tsoro ba."

Na ce, maganin ne?
Ta ce ba za ta rantse ba.
Hoto awo yake yi, ba ya faɗin dalili.
Ko magani, ko hawan jinin da ya sauka,
ko ciwon ne dai yake tafiyar hawainiya.
Sai ta juya wa allon baya:
"Ke fa, Inna, me kika gani a gida?"

Na ce ya daina zuba gishiri a shayi.
Yana gane hanyar masallaci, dawowar ce sai an bi shi.
Ran Juma'a ya miƙe ya ba ɗanmu Hamidan tabarma,
ya ce a kawo wa baƙo ruwa.
Ta rubuta duka,
da biron da ta rubuta awon.

Ta ba shi kalmomi uku ya riƙe:
rijiya, albasa, fitila.
Da ta waiwayo nema, albasa ce kaɗai ta rage.
Ya faɗe ta da ƙarfi, kamar mai tayi a kasuwa.

Wata shida kuma mu dawo.
Ina lissafin jikkunan da Hamidan zai iya aikowa,
da tunkiyar da ta saura.

A tasha na mayar masa da ajiyarsa.
Ya juya mariƙin, ya gwada bakin a farcensa.
"Wa ya adana mini wannan?"
Na ce ni.
Ya dubi taga, inda ake ɗaura buhuna a kan mota.
"Tsahara ce," in ji shi. "Ita ba ta yar da abu."
Ban gyara masa ba.
Na riƙe ledar hotunan a tsaye a cinyata
don kada su lanƙwashe.