Kiwon Jirage a Hull

Kan sarki muke ce masa a gida,
ko da babu sarkin, babu kan.
Wannan da ke tafin hannuna jirgi ne
mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya,
shekara casa'in yana tsallaka wani kogi,
har yau bai kai gaɓa ba.

Ran Asabar, in na mayar da bas gareji,
nakan ratsa ta tsohuwar kasuwa
wurin Mista Pickersgill mai rawar hannu,
rawar da ke tsayawa cak
da zarar ya ɗauki hantsaki.
Ba a yi masa tayi. Na gwada sau ɗaya,
ya dube ni kamar na taka masa kabarin uwa,
sannan ya yi mini gyaran guda biyu.

Shi ya fi son sababbi dal,
waɗanda gam ɗinsu bai san harshe ba.
Ni a ba ni wanda ya sha hatimi a fuska,
wanda ya bar haƙori ɗaya a hanya,
mai ɗauke da yawun wani bawan Allah
da ya tsaya layi a gidan waya
da magana cike da bakinsa.
Wa ya lasa? Bashi yake roƙo ko gafara?
Ambulan ya tafi da amsar,
jirgin kaɗai aka bar mini.

Da dare, ruwa na dukan taga,
sai in jiƙa su a farantin shayi
har takarda ta sake su don kanta.
In shanya a kan tawul, in danne da ƙamus.
Kore daga Masar, farfela bisa dala.
Ruwan toka daga ƙasar ƙanƙara,
matuƙinsa bai kai ƙwayar gero ba,
amma a gilashi na rantse yana jin sanyi.

Zulai ta leƙo, waya a hannu:
"Baba, yanzu wa ke rubuta wasiƙa?"
Na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Ta ƙirga: ɗari huɗu da goma sha bakwai.
"Jirage haka a ƙarƙashin gado,
shekara tara ba ka hau ko ɗaya ba."
Ta yi dariya ta haye sama.
Ni ban yi ba.

Makon jiya na tarar da rumfar a rufe.
Mai sayar da kifi ya miƙo mini ambulan,
an rubuta *Ɗanjuma, direba*, harafi na karkarwa.
Ciki guda ɗaya ne, shuɗi, sabo,
ba hatimi, ba tabo, gam na sheƙi,
irin wanda tsohon ba ya bari a huce a kai.

Yana aljihun rigar aikina.
Kundin bai da gurbin wanda bai taɓa tafiya ba,
ni kuma yawuna ya ƙafe.