Ƙashin Hannun Ilgaz

Da asuba muka fita, ba karin kumallo,
haka likita ta ce, a zo da ciki wayam.
Ruwa na tsiyaya daga rufin gidajen Tarabzon,
jiragen kamun kifi sun dawo ba ni a ciki.
Yau ɗana na raka asibiti.

Ilgaz, shekara sha huɗu da wata biyar.
Direban bas ya leƙo shi ta madubi, ya ce,
"Ɗan firamare ne, bar kuɗinsa."
Yaron bai ce uffan ba, ya juya ga taga.
Na ga ƙeyarsa ta yi ja har kunne.

A jikin ƙofar ɗakin girkinmu
Nurten na jan layi da fensir duk shekara.
Na ƙasa suna da tazara,
na sama sun matsu kamar haƙoran mataji.
Sa'o'insa murya ta fashe, gashin baki ya tsiro,
shi kuwa rigar makaranta ta shekara uku
har yau ba ta matse masa kafaɗa ba.

Cokali huɗu na miyar kabeji, gutsuren burodin masara,
sai ya ce ya ƙoshi.
Uwarsa ta yi lallashi, ni na yi tsawa.
Ran nan har tebur na buga, kofin shayi ya fashe.
Allah ya yafe mini.

Likita Feride ta ɗora hoton hannunsa na hagu a kan fitila,
ƙasusuwa farare, da 'yan giɓi tsakaninsu.
Ta ce, "Wannan hannun sha biyu yake ƙirgawa.
Agogon ya makara, amma yana tafiya.
Giɓin nan da kake gani, fili ne da ya rage masa."

Sai ta ja takarda ta zana tumbi, ta zana kai.
Ta ce akwai 'yan aike biyu a cikin jini.
Ɗaya girelin, daga tumbi yake tasowa,
mai shelar yunwa, mai buga ƙofa kafin a zuba abinci.
Ɗaya leftin, daga kitse,
ma'aji ne, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa lissafin rumbu,
ita kuwa ba ta son buɗe ƙofar balaga
sai ta ji akwai guzurin tafiya.
"So muke mu ji wa ke ɗaga murya, wa ke raɗa."

Allura ta shiga, kwalba uku suka cika.
Bai runtse ido ba. Ni na runtse.

Tana rubutu, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce,
"Kai fa, yaushe ka fara aske gemu?"
Na buɗe baki zan yi dariya, sai ta maƙale.
Sha bakwai. Ko sha takwas.
A jirgin kawuna Hamsi suke kirana,
sunan kifin da bai wuce tsawon yatsa ba.
Uwata na kalmashe ƙafar wando, tana cewa sannu ba ta hana zuwa.
Ashe na binne wannan tun tuni,
na zo ina buga wa ɗana tebur
kan gadon da ni na ba shi.

Sakamako sai nan da kwana goma.

A bakin ƙofa na saya masa burodi mai riɗi.
Ya ci rabi. Na ƙirga lomar, amma na kama bakina.
Muka tsaya ƙarƙashin rumfa muna jiran ruwa ya tsagaita,
na faɗa masa sunan da ake kirana a jirgi.
Ya dube ni tun daga takalmi har hula,
ya tuntsire da dariya,
kuma a can ƙasan dariyar na ji wani ɗan kaushi,
ko dai kunnena ne ya ƙagu.