Ƙasa Mai Numfashi

Shekara sha tara ina gaban wuta,
ina juya agashe a bakin kasuwar Gadarif.
Hayaƙi ya ci idona, na tara abin da na tara,
na sayi tsohon gida mai ɗaki uku
da bango duk faso, kamar diddigen manomi.

Dillali ya ce, "Fenti kawai yake nema."
Shi da bai taɓa ɗaga bulo ba.

Na yi lissafi a bayan takardar ƙunshe nama:
siminti kaza, yashi kaza, kwano da ƙusa.
Kowane abu na sa masa kuɗinsa,
ban da hannun da zai ɗauka.

Usta Barmani ya zo da sanyin safiya.
Bai dubi rufi ba. Durƙusawa ya yi,
ya zura hannu a tsagar ƙasa har ya ɓace.
Ya ce, "Baƙar ƙasar nan numfashi take yi.
Da damina ta kumbura, da rani ta tsuke,
gidanka kuwa a kan ƙirjinta yake.
In ba a tona an kai ga tauri ba,
fentinka lallen gawa ne."

Na tambayi kuɗin aiki. Ya faɗa.
Na nemi wurin zama.

"Ka zo a mugun wata," in ji shi.
"Riɗi ya nuna. Duk yaro mai ƙashi
yana gona da lauje,
ana sallamarsa kafin gumi ya bushe.
Wa zai bar wannan ya kwaɓa maka siminti?
Ko ka jira, ko ka biya kamar mai gona."

Ban jira ba. Kuɗin haya nake hange.
Na ɗebo mutum biyu a tasha, masu sauƙi,
suka tsai da katanga a kwana huɗu.
Ruwan ƙarshe ya sauka da daddare,
da safe na same ta ta rusuna
tana gai da maƙwabcina.
Na biya gini, na biya rushewa,
na biya mai jaki ya kwashe asarata.

Na koma wurin Barmani da hula a hannu.
Bai yi dariya ba, da ma ya yi.
Ya ƙirga mini a yatsu:
lada kowace yamma, ba gobe ba;
wake da burodi da hantsi, shayi sau biyu;
ganga uku ta ruwa, don siminti ma yana jin ƙishi;
ranar Juma'a kada in neme shi.

Wata biyu muna tono.
Kuɗina ya shige inda ido ba ya gani.

Jiya Jibo lebura ya zo teburina,
siminti ya cinye masa zanen tafi.
Ya ware takarda daga ladan da na ba shi,
ya ce in rage masa, nama ya yi tsada.
Na buɗe baki zan ce,
ka san awa nawa na tsaya a kan wutar nan?
Sai na yi shiru. Na ƙara masa tsinke ɗaya.

Ɗaki ɗaya ya ƙaru, biyu na jiran kaka.
Ɗan haya bai zo ba tukuna.
Ni nake kwana a ciki, kan tabarma,
kunnena a ƙasa,
ina sauraron ta.