Taka, Nélida

Ranar Alhamis baba ya dawo daga kasuwar El Alto
da ƙwayayen fitila a kwali mai rubutun Sin.
Ya ce tsofaffin sun dushe kamar idon mai mura,
waɗannan kuwa, in ya taka birki a gangaren La Paz,
ko mai gyangyaɗi a motar baya sai ya watsake.

Kafin rana ta faɗa bayan duwatsu ya ɗaura su.
Da duhu ya shigo, sai bas ɗinmu ta soma sambatu:
ka taka birki, fitilar gaba ta yi murmushi,
ka kunna siginar hagu, dama ta amsa,
tana ƙifta ido da sauri kamar marar gaskiya,
jar fitilar da aka yi wahalar dominta kuwa
ko uffan.

Ni aka ɗora a kujerar direba,
shekarata goma sha uku, da ƙyar ƙafata ke kaiwa.
Baba yana baya, a durƙushe kan buhu,
numfashinsa na fita fari saboda sanyi.
Taka, Nélida.
Saki.
Taka kuma.
Aikin nan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya:
mai taka birki ba ya ganin jan da ya kunna.

Ya zare fis ya ɗaga shi ga tocila, lafiya lau.
Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin ƙafafuna
ya lalubi ɗan makunnin da ke bayan feda,
ƙas, ƙas, shi ma da ransa.
Ya juya ƙwan, ko ya sa shi a baibai.
Ya zagi kwalin, ya zagi mai kwalin,
ya kwance salatif ɗin da wani ya naɗa
tun motar tana hannun mai ita na farko.

Mama ta kawo kunun masara mai zafi, ba wanda ya taɓa.
Tsoho Saturnino ya leƙo ta katanga, da bargo a kafaɗa:
Froilán, ka sayi sabon abu, ka zuba wa ƙasa nata?
Ko ɗigo ba ka ba ta ba, ina kallonka.
Baba ya yi tsaki.
Sai kuma ya tsaya, sukudireba a baki.

Ƙasa.

Ya bi baƙar waya da yatsa, kamar mai bin sawun akuya,
ta bayan kujerar ƙarshe, ta ƙarƙashin roba,
har inda aka ɗaure ta da jikin mota.
Notin ya ci tsatsa ya ƙoshi,
ga shuɗin fentin da baba da kansa ya shafa bara
ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe.
Wuta ta fita aiki, ta dawo ta tarar da ƙofa a rufe,
shi ne take tsallakawa ta gidajen maƙwabta.
Tsofaffin ƙwayaye sun daɗe suna rufa asiri,
sababbin ba su iya haɗiye magana ba.

Ya kankare da wuƙar mama ta fere dankali
har ƙarfe ya nuna haƙori.
Ya ɗaure.

Taka, Nélida.

Ban ga fitilar ba.
Katangar Saturnino na gani a madubi ta yi jawur,
da fuskar baba, da kare, da zanin da ke kan igiya.
Saki, in ji shi. Ban saki ba.

Ya ɗauki kunun da ya riga ya huce,
ya waiga ko tsohon yana nan,
ya tsiyaya kaɗan kusa da tayar baya.
Ƙarfe huɗu na asuba zai ɗauki fasinjan farko.