Idon da ke Tsince Shinkafa

Ran da na kama aiki a kamfanin casa
na hanyar Kalambaina,
Arzika ya aza min gilashin a tafin hannu,
bai fi murfin kwalbar turare ba.
Ya ce, "Riƙe shi ta gefe, Luba,
shatin yatsa ɗaya ya isa ya makantar da inji."

Ya ɗaga shi saitin taga,
ya tara farar takarda a bayansa.
Sai ga dogon yaron bakin ƙofa ya shigo,
gindi sama, ganye ƙasa.
Na yi salati. Ya yi dariya.
"A kife duniya ke shiga kowane ido,
naki ma."

Ya matsa da takardar kamu guda,
itacen ya narke ya zama kunu.
Ya dawo da ita, ganye ya fito da jijiyoyinsa.
Wuri ɗaya tak haske ke haɗa kai,
gaba da nan ko baya, jita-jita ce.

A wata uku na san halin ƙofar haske.
In na wangale ta, ta sha haske ta ƙoshi,
amma ƙwayar da ta kauce kaɗan sai ta dushe.
In na tsuke ta, na kusa da na nesa duk su fito,
sai dai duhu ya karɓi ladansa,
dole a ƙara fitila.
Ba a samun biyu a kuɗin ɗaya.

Shinkafar Wurno na kwararowa kamar ruwan indararo,
kyamara na kallo ba ƙiftawa.
Tsakuwa, baƙar ƙwaya, shanshera,
iska ta yi musu fit! su faɗa wani buhu.
Amma da azahar ɗin bazara,
lokacin da kwano ke ƙara don zafi,
ƙarfen da ke riƙe da gilashin kan yi miƙa
da kaurin gashi guda,
sai inji ya fara zargin ƙwaya mai gaskiya.
Ni ke hawa tsani da ƙyalle mai laushi,
in share dusa, in murɗa zobe kaɗan,
kaɗan,
har gefen ƙwaya ya yi kaifi a allo.

Da dare na tarar da Inna Ige a tabarma
da faifai bisa cinya.
Shekara arba'in tana tsince wa Mabera shinkafar biki,
yanzu yana ta rufe mata idon dama,
na hagu yana bin sawu.
Likita ya ce za su cire gilashin da ya gaji
su sa mata wani, ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba.
Ta ce, "Irin na wurin aikinku?"
Na ce kusan haka.

Ta yi shiru, yatsunta na yawo cikin faifai.
Can ta miƙo min tsakuwa ɗaya, fara fat,
launinta launin shinkafa.
"Wannan daga buhunku ta fito.
Kai ma injin naki, ki ce ina gaishe shi."