Ƙofar Gaba

Shekara ashirin da uku ina goge benen nan,
makarantar likitoci, Salvador, gab da teku.
Bas ɗin asuba daga Periperi,
in shiga ta ƙofar baya, wajen kwandunan shara,
kafin rana ta gane ni na gama hawa na biyu.

Akwai hotuna a dogon zaure,
shugabanni sha tara, gemu da tabarau,
na san kowanne da ƙurar da ke kan girarsa.
Babu mai hancina a cikinsu,
babu mai gashin uwata.
Garin kuwa, leƙa taga ka gani:
masu tuyar ƙosai, masu dakon kifi,
duk launina ne.

A ɗakin ƙasusuwa akwai wani tsayayye,
an ɗaure shi da waya, ba suna, ba dangi.
Nakan share haƙarƙarinsa da tsumma mai laushi
in ce: bawan Allah, kai na wa ne?
Ƙashi dai fari ne, ko na wa.
Fata ake tsayarwa a bakin ƙofa.

Jaciara ta yi karatu a kan teburin guga,
ƙwan fitila ɗaya, rufi na yoyo.
Sau biyu jarrabawa ta kayar da ita.
A na uku sunanta ya fito da tsakar dare,
hawaye ya hana ni gani, ta karanta mini sau bakwai.

Ranar farko ta zo ta ƙofar gaba.
Valdeci mai gadi, baƙi kamar mu, mutumin kirki,
ya ce: "'Yar Edileuza, uwarki na baya, zagaya."
Ba mugunta ba ce. Ido ne ya saba.
Ta miƙa masa katin ɗalibai.
Ya dubi katin, ya dube ta, ya cire hula,
ya rasa inda zai ajiye ta.

Wani yaro ya ce kujerarta sadaka ce, kason baƙaƙe.
Na ji shi, ina wanke gilashi.
Wanda aka haifa a saman tsani
shi ke ƙirga wa wata matakala!
Ban tanka ba, bokitina cike yake.
Amma kakannina sun biya kuɗin kujerar nan
da sarar rake, shekara ɗari uku, ba rasit.

Yanzu in mun haɗu a zaure,
ita da farar riga, ni da shuɗiya,
sai ta ce "Mama!" da ƙarfi, har hotunan su ji.
Ni ce ke jin kunya, ban san dalili ba.
Na ƙirga irinta a ajin: ba su cika layi biyu ba.

Jiya ta ce mini ƙasusuwan nan na mace ne,
ƙugun ya nuna.
Yau na goge ta a hankali,
na raɗa mata: baiwar Allah, yi haƙuri da ni,
'yarmu ta shigo.