Haƙoran Filawil

Injin casar Hajiya Tasalla a Dakata
na ruri kamar zai ɗage rufin kwano,
sabon allon da ke goshinsa kuwa ya kafe kan sifiri.
Ƙarfe na juyi, lamba na barci.
Buhu tamanin na jingine da bango,
masu shinkafa na zaune a kai,
su dubi agogo, su dube ni.

Na kwance tsohuwar sensa, na goge ta da gefen riga.
Bakinta ya cinye, gogar ƙarfe ta gama da ita.
Na jefa ta aljihu, na tare adaidaita sai Ƙofar Ruwa,
inda duk mataccen inji ke da ɗan'uwa a kan tebur.

Hashimu ya zazzage mini kwali.
"Ga mai waya uku, sabuwa dal cikin leda,
sai batir ya ciyar da ita kafin ta buɗe baki.
Ga mai waya biyu, ta gwanjo, ta sha duniya,
mayen ƙarfe ne a cikinta,
haƙori ya gifta, ta haifi wutarta da kanta."
Ido ya riga hankali zuwa kasuwa.
Na ɗauki mai sheƙi.

A bayan allo rami biyu na tarar.
Waya ta uku na reto kamar jelar ƙadangare,
zaren ma ya ƙi hawa, juyi ɗaya ya cije.
Hajiya ba ta ce uffan ba.
Ta gyara mayafi kawai,
kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma. Hashimu ya yi dariya har da dukan cinya.
Wannan karon na fito da gawar daga aljihu,
na jera su kafaɗa da kafaɗa,
tsawo da tsawo, kauri da kauri,
na zura musu noti guda, ya bi su duka biyun.
Kuɗin mota sau huɗu, shi ne kuɗin makarantata.

Na murza ta a hankali har ta sumbaci haƙori,
sannan na ja ta baya rabin juyi:
kusa yadda za ta ji,
nesa yadda ba za a ci bakinta ba.
Aka tayar. Allo ya farka ya ce
dubu da ɗari takwas da sittin.
Hannuna ya kai ga abin rage mai.

"Kul!"
Baba Sallau ne, a kan jarka, bakin ƙofa,
mutumin da yana ta rufe wa ido tun bara.
Ya karkata kai kamar mai sauraron gulma.
"Injin nan lafiyarsa ƙalau, dubu da ɗari biyar yake.
Allonka ba maƙaryaci ba ne, baƙo ne.
Haƙori nawa ka gaya masa?"

Ban gaya masa komai ba.
Ɗari ya zo da ita daga garinsu, ɗari yake rabawa.

Aka kashe. Na nemi alli wurin ɗan maigadi,
na ɗiga fari a haƙorin farko,
Tanimu na juya filawil da ƙarfen taya,
ni ina leƙe ta rami da fitilar waya.
A sittin da bakwai aka kira La'asar,
lissafi ya zube.
Muka yi salla, muka sake daga ɗaya.
Gumi na ɗiga daga haɓata
har farin ya zagayo gida:
ɗari da ashirin da huɗu.

Na danna masa su, ɗaya bayan ɗaya.
Inji ya yi tari, ya kama murya,
lamba ta hau, ta yi rawa, ta zauna.
Na juya in yi albishir,
Baba Sallau har ya laluba takalminsa.
"Na ji," ya ce. "Tun ɗazu."

Dusa ta fara tashi daga bakin injin,
aka kwance buhun farko.
Ni kuwa da guntun allin da ya rage
na rubuta a bango, sama da inda hannu ke kaiwa:
waya biyu, rabin juyi, 124,
saboda wanda zai zo bayana
ranar da babu kowa a kan jarka.